Wane zaren roba ne ke jure zafin Maraɗi a injin 3D?

Injin 3D yana narka zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ya fitar da shi ta ɗan tsinin baki, ya riƙa shimfiɗa shi hawa kan hawa har abu ya tashi. Ga tambayoyin da sababbin masu injin suka fi yi a nan Maraɗi.

Malam, kowa a intanet cewa yake a fara da zaren da ake kira PLA. Gaskiya ne?

Don koyo, gaskiya ne. Daga sitacin masara ko rake ake yin PLA, ba shi da wari sosai, kuma ba ya ba sabon hannu wahala. Ka sa baki a digiri 200 zuwa 210, faranti, wato wurin da ake shimfiɗa robar a kai, a 55 ko 60, aiki ya tafi. Sai dai galibin masu wannan shawara a ƙasashen sanyi suke zaune. PLA yana fara laushi da zarar ya kai wajen digiri 60. Mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40, balle cikin motar da aka rufe gilasanta a rana. Ka buga wa ɗan kabu-kabu mariƙin waya da PLA, ya ajiye babur a bakin kasuwa da azahar, ba za a daɗe ba haƙoran da ke danne wayar su buɗe su sake ta. Bai karye ba, siffarsa ce ta tafi, kuma ba ta dawowa. Ni a ganina PLA na kayan cikin ɗaki ne: abin koyarwa a makaranta, kayan ado, da samfurin gwaji kafin a buga na gaske.

To abin da zai sha rana fa?

PETG. Dangin robar gorar ruwa ce, tana kai wajen digiri 80 kafin ta yi laushi, kuma tana ɗan lanƙwasa kafin ta karye. Baki 230 zuwa 245, faranti 70 zuwa 80, fankar da ke sanyaya robar da ta fito kuma a rage ta zuwa rabi don hawa ya kama hawa. Aibinta biyu ne. Tana jan siraran zaruruwa tsakanin sassa, wanda rage zafin baki da digiri biyar da busar da zaren kan magance. Sannan tana manne wa farantin gilashi har ta ɓantaro shi, saboda haka a shafa gam ɗin takarda kafin a fara, a kuma bari faranti ya huce kafin a ɗaga.

Zaren ABS da na ASA kuma?

Sun fi jure zafi, ASA ma ba ya saurin lalacewa a hasken rana. Amma suna son faranti mai digiri 100 da injin da ke cikin akwati, in ba haka ba gefuna su ɗaga. Tururinsu bai dace da ƙaramin shago marar taga ba. Sai hannu ya faɗa tukuna.

Injina yana farawa lafiya, bayan awa guda roba ta daina fita.

Kafin ka taɓa saiti, duba ɗakin. A ƙarƙashin rufin kwano da rana tsaka, ƙaramar fankar da ke sanyaya maƙogwaron injin iska mai zafi take hurawa, sai PLA ya kumbura tun bai iso baki ba, ya toshe hanya. Buɗe akwatin injin, ko ka mai da dogon aiki dare. Da hunturu kuwa ƙura ce: ramin baki milimita 0.4 ne kacal. Yanki ɗan soso, ka ratsa zaren ta cikinsa kafin ya shiga injin. Ranar da ka cire shi ka ga jar ƙurar da ya tare, ba za ka sake bugawa babu shi ba.

Da damina ina jin tas-tas a bakin injin. Mene ne?

Zaren ya sha laima, ruwan ne ke tafasa yana fashewa. PETG ya fi PLA saurin sha. A busar da shi awa huɗu zuwa shida, PLA a digiri 45, PETG a 65, sannan a adana a bokiti mai murfi tare da 'yan ƙunshin tsotse laima da ke zuwa cikin kwali.

In cika cikin abin da nake bugawa da roba ɗari bisa ɗari don ya yi ƙarfi?

Asarar zare ce da lokaci. Ciko kashi 20 cikin ɗari da bango uku ko huɗu ya ishi yawancin kaya, don bango ne ke ɗaukar nauyi. Kaurin hawa kuma milimita 0.2. Abin da ya fi ciko tasiri shi ne yadda ka kwantar da abin a Cura ko PrusaSlicer, manhajojin da ke shirya wa injin aikin bugawa. Bugaggen abu kamar itacen girki yake, ta bin layinsa yake tsagewa. Ƙugiyar rataya da aka buga a tsaye za ta ɓalle a mahaɗin hawa, wadda aka kwantar a gefenta kuwa za ta ɗauki kaya.

In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki fa?

Injina da yawa suna ci gaba daga inda suka tsaya, amma in faranti ya huce abin yakan saki, kuma wurin haɗin yakan zama mai rauni. Ƙaramin inji yana jan wajen wat 300 lokacin ɗumama faranti, daga nan ya sauko ƙasa da rabin haka. Da wannan lissafi za ka auna batir da inbata, ko solar da za ta riƙe shi.