Yarjejeniyar Montreal kan gas mai cinye ozon

Yarjejeniyar Montreal doka ce ta ƙasa da ƙasa da aka sa wa hannu a birnin Montreal na Kanada ran 16 ga Satumba 1987, ta fara aiki 1 ga Janairu 1989, kan a daina yin sinadaran da ke cinye ozon, wato iskar nan da ke can sama tana tare mugun hasken rana mai jawo kansar fata da yanar ido.

Tun 1974 wasu masana biyu, Molina da Rowland, suka ce gas ɗin CFC da ake ɗura wa firji da AC da gwangwanin feshi in ya hau sama rana na fasa shi ya saki kulorin, ƙwayar kulorin ɗaya kuwa sai ta lalata dubban ƙwayoyin ozon. Kamfanoni suka yi ta gardama, sai a 1985 masanan Birtaniya suka gano wawakeken rami a ozon ɗin saman Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, nan fa hankali ya tashi.

Dabarar dokar ita ce ba a ce kowa ya bari rana ɗaya ba. Ƙasashe masu arziki an ba su zuwa 1996 su bar CFC, masu tasowa irin Najeriya da Nijar zuwa 2010, aka kuma kafa asusu a taron Landan na 1990 don a biya musu kuɗin canza injina da horar da masu gyara, gaskiya da babu kuɗin nan da wuya su yarda. Duk ƙasashen duniya sun shiga.

Mai gyaran firji ya san dokar nan ko bai taɓa jin sunanta ba. Da can gas ɗin R12 yake ɗurawa, wanda nau'in CFC ne, ya ɓace, aka koma R134a, yanzu sababbin firji yawanci R600a ne, in ka leƙa takardar da ke manne jikin kwamfureso za ka ga lambar. R22 na tsofaffin AC shi ma yana cinye ozon, wa'adin barinsa 2030 ne a ƙasashe masu tasowa.

Shi R134a ɗin ba ya taɓa ozon amma yana ƙara ɗumamar yanayi, shi ya sa a 2016 aka yi wa yarjejeniyar gyara a Kigali don a rage ire-irensa. Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya na hasashen ramin Antaktika sai wajen 2066 zai cike, don CFC kan yi shekaru hamsin zuwa ɗari a sama kafin ya narke.