Sabon Kare a Gida: Abubuwan da Ba a Sakaci da Su a Watannin Farko

Yawancin masu kawo kare gida a wajenmu don gadi suke yi, wasu kuma don farauta ko tsaron garke. Ko ma don mene ne, irin kulawar da aka ba shi a watanni huɗun farko ita ke nuna ko zai amfani gidan ko zai jawo masa cuta.

Kada a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako takwas, domin wanda aka cire da wuri shi ne ke fama da gudawa da kukan dare. Kafin a karɓe shi a dube shi da kyau: ido garau babu kwantsa, hanci babu majina. A ɗaga leɓensa a duba dasashi. In ya yi fari fat, jini ya yi masa ƙaranci. Idan ciki ya yi tulu alhali haƙarƙari duk a waje, tsutsa ce. Maganinta kuwa ana ba shi duk mako biyu har ya kai wata uku, sai wata-wata har wata shida, daga nan duk bayan wata uku, kuma gwargwadon nauyinsa ake auna maganin. In akwai wasu karnuka a gidan, a ware baƙon na mako biyu.

Babban abin da muke roƙon jama'a a kai shi ne rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai wani ikon Allah. Ana yi wa kwikwiyo allurar idan ya cika wata uku, a maimaita kowace shekara. A Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato tana sarrafa ta, ana kuma samunta a asibitocin dabbobi. A karɓi katin shaida a adana. Karen da aka tsinta a titi kuwa kada a yarda da shi don ya yi laƙwas. Cutar kan ɓuya makonni ko watanni kafin ta fito.

Akwai kuma allurar da ke kare shi daga cutar amai da gudawar jini, wadda ke kashe 'yan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Ana farawa tsakanin mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku ko huɗu har ya kai mako goma sha shida. Kafin a kammala, kada a bar shi yawon bola.

Abinci sau huɗu a rana har wata uku, sau uku har wata shida, sannan sau biyu. Tuwo zalla ba ya gina kare. A haɗa da dafaffen nama, kifi ko ƙwai. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, goro guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya huda hanji. Ɗanyen huhu ko hantar da mahauta suka yar saboda ƙullutun ruwa, kada a jefa masa: ta nan yake ɗaukar tsutsar da ƙwanta ke fita a kashinsa ya kama mutane. A ware masa kwanonsa, a kwashe kashinsa kullum a binne, yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi.

Don kaska ko ƙuma, don Allah a daina shafa masa baƙin mai ko fesa masa piya-piya. Yana lasa, fatarsa ma tana tsotsa, sai a ga yana dalala da karkarwa. Haka kuma kada a ba shi maganin ciwon kai na mutane. A tambayi likitan dabbobi.

A tanadar masa inuwa da ruwan sha. Ɗaure kare da sarƙa yini guda a rana ba ya sa shi iya gadi, sai dai ya sa shi cizon 'yan gida. A hana yara taɓa shi yana cin abinci ko barci.

In kuwa ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, a kuma kammala alluran da aka rubuta. Karen a killace shi kwana goma ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara yi wa wanda aka ciza magani.