Ɗan marainan da bai sauko ba: ku daina jiran lokacin kaciya

A asibitin da nake aiki, ana yawan kawo mana yara masu shekara bakwai ko takwas, waɗanda sai da wanzami ya zo yi musu kaciya aka tabbatar cewa gefe ɗaya na marainansu fayau yake, babu ƙwai a ciki. Idan aka tambayi uwa, sai ta ce ai tun tana jego ta lura, amma manya suka ce a ƙyale shi, zai sauko da kansa.

Iyaye, wannan jiran shi ne abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Cikin jarirai maza 100 da suka cika watanninsu, kimanin 3 ake haifa da wannan matsala, bakwaini kuwa sun fi haka yawa. Yawancinsu ƙwan yakan sauko a watannin farko, amma wanda ya kai wata 6 bai sauko ba, da wuya ya sauko. Daga nan maganinsa tiyata, kuma lokacinta tsakanin wata 6 ne zuwa 18. Shekara bakwai kuna jiran me? Ƙwan da ya maƙale a ciki ko a matsematsi, zafin jiki yana raunana shi a hankali, har ya taɓa haihuwar yaron idan ya girma, ga haɗarin murɗewa da na ciwon daji. Gashi da ruwan zafi da tausa ba sa saukar da shi, sai dai su wahalar da jariri.

Na san tausayi ne ke sa uwa ta ce ɗanta ya yi ƙanƙanta da wuƙa, kuma ban ga laifinta ba. To ki kwantar da hankalinki. Ana sa yaro barci, likita ya yi 'yar ƙaramar tsaga a matsematsi, ya janyo ƙwan ya ɗinke shi a mazauninsa. Aikin yakan ɗauki kimanin awa ɗaya, kuma sau da yawa a ranar ake sallama. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato duk suna da likitocin tiyatar yara.

Don Allah, ku yi waɗannan:

- Lokacin wanka da ruwan ɗumi, ki laluba ki ji ƙwai biyu.
- Idan ɗaya ne ko babu, a faɗa wa ma'aikacin lafiya ranar rigakafi.
- Kumburi da kuka mai tsanani farat ɗaya, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Wanda ɗansa ya riga ya wuce shekara biyu, kada kunya ta sa ya ƙara jira, ya kawo shi a wannan makon, har yanzu aikin yana da amfani.