Pomp da ɗaga ƙarfe a kwance: hanyoyi biyu na horar da ƙirji

Pomp da ɗaga ƙarfe a kwance su ne atisaye biyu da aka fi sani wajen gina tsokar ƙirji. A pomp, mutum yana kifa ciki, ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya ture nauyin jikinsa sama. A ɗaga ƙarfe kuwa rigingine yake kwanciya bisa benci, ya sauko da sanda mai fayafayan ƙarfe zuwa ƙirjinsa, ya mayar da ita sama. A Yamai ana ganin na farko kusan ko'ina, daga harabar filin wasa na Janar Seyni Kountché bayan sallar asuba zuwa wajen atisayen sojoji da ƴan kokowa. Na biyun sai a ɗakunan motsa jiki, ko a zauren da samarin unguwa suka haɗa kayansu.

Tsokokin da ke aikin kusan iri ɗaya ne: babbar tsokar ƙirji, wadda likitoci ke kira pectoralis major, sai gaban kafaɗa da bayan damtse. Amma a pomp allon kafaɗa yana motsi a sake, ciki da ƙugu kuma dole su ɗaure don kada baya ya lotsa. A kan benci, bencin ne ke tallafe gangar jiki.

Inda suka rabu sosai shi ne nauyi. Mai yin pomp yana ture kusan kashi biyu cikin uku na nauyin jikinsa, wato saurayi mai kilo 60 yana ɗaga wajen kilo 40 ke nan. Idan ya sa gwiwa ƙasa nauyin ya koma kusan rabi, idan ya ɗora ƙafafu bisa kujera ya ƙaru. Ga mai farawa wannan ya isa har ya yi saura. Wani bincike da aka wallafa a 2017 a Japan ya gwada samari tsawon mako 8, ya tarar pomp da ɗaga ƙarfe marar nauyi sosai sun ƙara kaurin tsoka kusan daidai da juna. Saboda haka wanda ba shi da kuɗin shiga ɗakin motsa jiki bai kamata ya raina dandariyar ƙasa ba.

Matsalar tana zuwa ne ran da mutum ya iya yin arba'in ko hamsin a jere. Daga nan juriya ce ta fi ƙaruwa, ƙarfi kuwa sai a hankali, sai in ya goya jaka mai yashi ko ya koma hannu ɗaya. Nan ne ƙarfe ya yi zarra: sandar gasa kilo 20 ce, kuma da ƙananan fayafayai masu kilo 1.25 a kowane gefe ana iya ƙara kilo biyu da rabi kacal, a rubuta, a san inda aka kwana.

Wannan fa'ida tana ɓacewa a ƙarfen gida, irin wanda ake zuba siminti a gwangwanin tumatir biyu a soka bututu a tsakiya. Ba wanda ya san kilonsa, sau da yawa kuma gefe ɗaya ya rinjayi ɗayan, kafaɗa ce ke shan wahalar.

Haɗarin ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya gaza a pomp ƙasa kawai zai kwanta. Wanda ya gaza a benci sandar kan ƙirjinsa ko wuyansa za ta sauka, kuma yawancin yagewar tsokar ƙirji a wannan atisaye take faruwa. Shi ya sa ba a ɗaga mai nauyi sai da wani tsaye a bayan kai, babban yatsa kuma ya zagaye sandar.