Waiwaye: yadda dabon karta ya taso daga teburin caca ya koma kati huɗu a tafin hannu

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: hannaye biyu kawai ake gani a kan tebur, da kati huɗu. Mai hannayen ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, duk a kife. Ya ɗan murza su, ya sake ƙirgawa, sai ga ɗaya ya juyo fuska sama. Ya sake murzawa, wancan ya kife, wani ya juyo. Ba labule, ba akwati, ba hayaƙi. A wurin masu sana'ar dabo wannan fanni ne mai zaman kansa, inda ake aiki da 'yan katuna kaɗan, daga uku zuwa kamar goma, a gaban idon ɗan kallo, maimakon cikakkiyar karta mai kati 52. Sun daɗe suna jayayya a kansa. Wasu na ganin nan gwanintar hannu ta kai maƙura, wasu kuma na ganin kayan saye ne na wanda ya ƙi zama ya koyi aiki. Jayayyar tana da tsohon tushe.

Ita karta ba a Turai aka haife ta ba. Daga gabas ta taso, ta ratsa ƙasashen Musulmi, ta shiga Turai a shekarun 1370 ta hanyar Masar ta zamanin Mamluk. Har yau akwai irin kartar Mamluk a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul, mai gida huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan ƙwallon dawaki. Manyan katunanta su ne malik, da na'ibinsa, da na'ibi na biyu. Daga kalmar na'ibi ne Italiyawa a da suka kira karta naibi, mutanen Sifen kuma har gobe naipes suke cewa. Kalmar da muke kiran na'ibin liman da ita ce dai. Zuwa 1377 hukumomin birnin Florence sun riga sun hana wasan, abin da ke nuna cewa ba ta daɗe da zuwa ba ta zama abin caca.

Inda aka sa kuɗi kuwa, mai maguɗi ba ya nisa. Dabarun farko na sarrafa karta, kamar ɓoye kati a tafin hannu, ko riƙe wani a ƙasa ana ta gaurayawa bai motsa ba, na 'yan caca ne kafin su zama na masu nishaɗantarwa. Luca Pacioli, masanin lissafin nan abokin Leonardo da Vinci, ya rubuta bayanin wasu dabarun karta wajejen shekarar 1500. Amma littafin da ya fi taɓa ni shi ne na Reginald Scot, The Discoverie of Witchcraft, wanda ya fito a Ingila a 1584. Scot ba ɗan dabo ba ne. Abin da ya dame shi shi ne yadda ake kama tsofaffin mata talakawa da zargin maita ana kashewa. Sai ya zauna ya tona yadda ake rufa ido da kuɗi da ƙwallaye da karta, don mutane su gane cewa abin da ya ba su mamaki aikin yatsu ne, ba na aljanu ba. Wato tun ranar farko da aka rubuta asirin sana'ar da Turancin Ingilishi, an rubuta shi ne don ceton rai.

Wanda ya ɗaga dabon karta daga bakin titi zuwa falon manya shi ne Johann Nepomuk Hofzinser, ma'aikacin gwamnati a ma'aikatar kuɗi ta ƙasar Ostiriya a birnin Vienna, wanda ya rayu daga 1806 zuwa 1875. Yana tara baƙi kaɗan a ɗaki, ya yi musu wasa cikin natsuwa da zaƙin baki. Abin lura a nan shi ne, Hofzinser bai ga laifin haɗa hanyoyi biyu ba. Yana da gwanintar hannu, kuma yana amfani da katunan da aka buga musamman, irin mai fuska a gaba da baya. Rabuwar kan da ta zo daga baya ba ta dame shi ba.

A 1902 wani ɗan ƙaramin littafi ya fito a Chicago, The Expert at the Card Table, da sunan S. W. Erdnase. Sunan aro ne; in aka karanta shi ta baya sai ya ba da E. S. Andrews. Littafin na ɗauke da zane 101 na hannaye, kuma ya bayyana dabarun maguɗin caca dalla-dalla, wane yatsa ke ina, wane ke turawa. Wani yaro a Ottawa ta ƙasar Kanada ya same shi ya haddace. Shi ne Dai Vernon, haifaffen 1894, wanda daga baya 'yan sana'ar suka laƙaba wa Farfesa. Harry Houdini, shahararren ɗan dabon Amurka, ya sha bugun ƙirji cewa duk dabon da ya gani sau uku zai gano shi. Vernon ya sa shi ya yi wa kati alama, ya cusa a cikin karta, katin ya dawo sama, ya maimaita masa aƙalla sau bakwai, Houdini bai gano ba. A 1932 kuma, bayan wani ɗan caca da ke tsare a kurkukun birnin Wichita a Amurka ya ba shi labarin mutumin da ke iya zaro kati daga tsakiyar karta yana rabawa, Vernon ya yi ta cigiya har ya samo shi a wani ƙauye mai suna Pleasant Hill a jihar Missouri. Sunansa Allen Kennedy. Darasin da Vernon ya kwaso daga 'yan caca ya sauya sana'ar gaba ɗaya: mai maguɗi ba ya yin wani motsi da zai ja ido, domin in an kama shi ba tafi zai rasa ba, lafiyarsa ce a kan layi. Don haka hannun ɗan dabo ma ya kamata ya yi kama da hannun kowa.

Shi kuwa wasa da 'yan katuna kaɗan, kakansa shi ne cacar kati uku, wadda ake gani a tashoshin mota da kasuwanni a ƙasashe da dama, har da namu. Mutum ya shimfiɗa kati uku, ya nuna maka ja ɗaya, ya watsa su, ya ce ka nuna inda yake. Sirrin yana cikin jifa: yana riƙe da biyu a hannu ɗaya, kana zaton na ƙasa ya yar, alhali na sama ya saki. Waɗanda ka ga suna ci a gefensa abokan cin mushensa ne. A Amurka ta ƙarni na 19 wani da ake kira Canada Bill Jones ya yi suna da wannan damfara a jiragen ruwa da na ƙasa. Abin da masu dabo suka ɗauka daga nan shi ne fahimtar cewa in katuna sun yi kaɗan, ɗan kallo yakan sakankance cewa yana biye da komai, kuma wannan sakankancewar ita ce ƙofar da ake shiga.

Daga nan hanya ta rabu biyu. A farkon ƙarni na 20 Theodore DeLand, ma'aikaci a gidan buga kuɗi na Philadelphia, ya riƙa buga katuna na musamman yana sayarwa, waɗanda ke yi wa mutum rabin aikin. A ɗaya gefen, Charles Jordan, mai kiwon kaji a California, ya wallafa a 1919 wata hanyar ƙirga kati huɗu da ke ɓoye ɗaya, da katuna na yau da kullum. Ba a kula da ita sosai ba sai bayan shekaru arba'in, lokacin da Alex Elmsley, Baturen Birtaniya wanda daga baya ya yi aikin tsara manhajar kwamfuta, ya fito da tasa ƙirgar a 1959. Ita ce yau ƙashin bayan fannin. Ana ƙirga huɗu daga hannu zuwa hannu, ido ya ga huɗu, amma ɗaya an nuna shi sau biyu, wani kuma ba a nuna shi ko sau ɗaya ba. Shekara guda bayan haka, a 1960, aka wallafa wasan Vernon da ke amfani da ita, wanda katuna huɗu masu lamba ɗaya ke juyowa bi da bi. Shi ne wasan da na siffanta a farko. Ba kati na musamman a ciki, ana iya yinsa da kartar aro, a miƙa wa ɗan kallo ya duba bayan an gama. Wani malamin makarantar Katolika a St. Louis, Brother John Hamman, wanda shan inna ya raunana, ya ƙara tasa ƙirgar da wasanni masu yawa da suka dogara ga karkatar da tunani fiye da saurin yatsa.

Ɓangaren katunan musamman ma bai kwanta ba. A 1962 Peter Kane na Ingila ya wallafa wasan da katuna takwas iri ɗaya ke rikiɗa su koma kamar na tara, aka sayar da shi a Amurka da sunan Wild Card. A shekarun 1970 kasuwa ta cika da irin waɗannan, kowane a 'yar jakar roba da takardar bayani. Mafi shahara shi ne Color Monte, kati uku da labarin mutumin da ɗan caca ya cinye, har katin ƙarshe ya juyo da rubutun bashin dala 14. A nan ne ƙorafi ya taso. Masu suka suna cewa da zarar ka zaro kati huɗu daga wata jaka ta daban, ɗan kallo ya riga ya ɗarsa cewa katunan ne ke da sirri, kuma in ya ce a ba shi ya taɓa, ba ka da amsa. Suna kuma cewa wasannin sun zama ƙirga a kan ƙirga, har ɗan kallo ya manta abin da aka ce ya sa wa ido.

Ina ganin suna da gaskiya a kan yawancin abin da aka sayar, amma ba a kan fannin ba. Laifin na wanda ya sayi wasa da safe ya nuna shi da yamma ne. Ƙarancin katuna yana tsananta wa mai yi, domin ido ba shi da wani wurin zuwa sai hannunsa. Ƙirgar Elmsley ana iya koyon motsinta a yini guda, amma kafin ta yi daidai da ƙirgar gaskiya, sauti da sauti, tazara da tazara, sai an yi watanni gaban madubi. Bidiyoyin tona asiri da suka cika intanet suna nuna motsin, ba sa iya ba mutum waɗannan watannin. Kuma sun kawo wata matsala sabuwa: wasan da aka tsara don kyamara yana da kusurwa ɗaya tak, alhali ɗan dabon da ke zaune da mutane a tebur ana kallonsa ta hagu da dama, wani ma ta bayan kafaɗa.

Wanda ya fi kowa nuna abin da 'yan katuna kaɗan za su iya shi ne René Lavand na Ajantina, wanda ya rasu a 2015. Mota ta buge shi yana ɗan shekara tara ya rasa hannun dama. Duk littattafan sana'ar an rubuta su ne don mai hannu biyu, sai ya ƙirƙiro nasa dabarun da hagu kaɗai. Wasansa mafi shahara na kati shida ne, uku ja uku baƙi. Yakan jera su ɗaya ja ɗaya baƙi a kan tebur, ya buɗe, sai a ga ja sun ware gefe, baƙi gefe, kamar mai da ruwa. Sai ya sake yi a hankali fiye da na farko, ya sake yi a hankali fiye da wancan, kowane karo yana faɗa da harshen Sifaniyanci cewa ba za a iya yin sa a hankali fiye da haka ba.