Jinin da ke fita wajen asuwaki

'Yan uwa mazauna Agege, Idi-Araba da Mile 12, akwai maganar da nake yawan ji a bakin aiki: "Ai asuwakin ne ya yi tauri." Lafiyayyen dasashi ba ya zubar da jini don kawai an goge baki. In kullum safe ka tofar ka ga ja-ja, galibi ciwon dasashi ne ya kama ka.

Mafarinsa wani farin datti ne mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙora, cike da ƙwayoyin cuta. Sa farce ka kankara, za ka gan shi. In aka bar shi sai ya daskare ya yi tauri kamar dutse, ya koma ruwan ɗorawa ko baƙi, galibi a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Dasashi ya kumbura, baki ya riƙa wari ko an wanke. A wannan matakin ana warkewa sarai. Amma in ciwon ya nutsa ya fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, ƙashin nan ba ya dawowa da kansa. Haƙori ya yi tsawo, ya fara girgiɗi, wata rana ya fita ba tare da ya taɓa ruɓewa ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne duk wannan yana faruwa ba zafi, shi ya sa mutane ba sa zuwa sai aski ya zo gaban goshi. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, masu fama da matsanancin ciwon sun haura biliyan 1.

Ganin jini kada ya sa ka daina gogewa. Ka goge sau biyu a rana, minti 2, da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori), a hankali daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. Asuwaki yana da amfani in an tauna bakinsa ya yi laushi, kuma an kai shi har turame. Gawayi, toka da garin da ake talla a mota kuwa, kankare haƙori suke yi.

Dattin da ya daskare sai a asibiti ake cire shi. Akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba da na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) da ke Ikeja. Wasu na tsoron wai wankin haƙori na kawo giɓi. Giɓin ciwo ne ya riga ya yi shi, dattin ne ya rufe.

Mai ciwon suga da mai juna biyu su fi kowa kula. Mai shan sigari kuma, taba kan ɓoye jinin alhali ciwon na ci, don haka ya je a duba shi ko bai ga komai ba. In fuska ta kumbura ga zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar.