Ku Daina Cajin Waya da Batirin Oba-Oba

Jama'ar ƙauyukanmu na bayan duwatsun Kaltungo da Balanga, inda sai an hau tudu ake samun sabis, da ku nake. Waɗanda suka yi karo-karo suka sayi oba-oba, wato rediyon magana da ba ya buƙatar sabis, da faifan sola da batir, Allah Ya saka da alheri. Amma abin da muke ta gani a asibiti cikin daminar nan ya ishe ni.

Kububuwa ta sari yaro a gona, ko mace ta haihu jini ya ɓalle mata da tsakar dare. A ruga gidan mai unguwa, a ɗauki oba-oba, a danna, ɗif. Ashe tun la'asar an jona wayoyi a batirin, har da ta kallon fim ɗin samari. Wayar da ko sabis babu a cikinta! Sai a ɗora mara lafiya a babur a kama hanya, mu ba mu san ana tafe ba, balle mu tanadi ruwan ƙari ko mu nemo motar da za ta wuce da shi Kaltungo, inda ake maganin sarar maciji.

Haba jama'a! Na san wutar caji wahala take yi, kuma mai unguwa yana jin nauyin hana maƙwabci. To, baba, a nan dai ka cije. Kada hasken fuskar oba-oba ya ruɗe ku, sauraro ba ya cin wuta sosai, magana ce ke zuƙe ta. Za ka gan ta a kunne garau, kana danna maɓallin magana ta ɗauke. Ƙaramar ta hannu dama ƙarfinta bai wuce wat 5 ba, tafiyar 'yan kilomita take yi, dutse kuma yana tare ta. Ga nisa, ga batirin da aka tatse, ina muryarka za ta kai? Lambar gaggawa ta 112 kyauta ce, amma ita ma sai da sabis.

Wani ya ce mini ai waya ɗaya ce tak. Kowa haka yake faɗa, kafin magariba sun zama goma.

Don Allah a kiyaye:
- Batirin oba-oba nata ne ita kaɗai. Masu waya su haɗa kuɗi su sayi nasu.
- A ɗaga eriya a kan dogon ƙarfe ko gora, a share ƙurar faifan sola.
- Kowace safiya da yamma a kira mu a gwada, a gajarce, ban da hira.
- Kada a yi ta yawo a tashoshi. Wasu na jami'an tsaro ne, wasu na masu lasisin rediyo. A nemi mai lasisi ya saita muku.
- Dagaci da 'yan sanda su san kuna da ita da dalilin ajiye ta.

In kun kira, ku faɗi sunan ƙauye, abin da ya faru, da lokacin da ya faru, sannan ku saki maɓalli ku saurari amsa.